Akwatin Hoton Yaya Sale

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a farkon daminar shekarar da nake aji uku na elementare a Birnin Gwari, lokacin Turawa suna nan da mulkinsu. An yi ruwa da asuba, ƙasar tsakar gidanmu ta yi laushi, kaji suna ta tono a gindin rumbu. Na dawo daga tsintar kaɗanya da ƙwarya a kai, gefen zanina duk ya jiƙe da raɓa, sai na ji babban wana, Yaya Sale, yana kirana daga kan tabarmarsa a ƙofar ɗaki. A cinyarsa akwai wani baƙin akwati da bai fi tubalin gini girma ba, da ido ɗaya na gilashi a gabansa. Ya juya shi ya nuna mini wata 'yar taga ja a bayansa, faɗinta kamar anini. Ya ce, "Kulu, ke da kike boko, in lamba ta fito a nan za ki iya karantawa?" Na ce ai har ɗari na iya. Ya yi murmushi ya ce, "Takwas kawai nake so."

Yaya Sale shi ne ɗan farin gidanmu, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha biyar. Kafin wannan damina ban san shi sosai ba, domin lebura ne a cikin ayarin masu auna iyakar gandun daji, su shiga dajin nan namu su yi wata biyu ko uku ba a gan su ba. Shi ke ɗaukar sarƙar awo, shi ke sare hanya da adda. In ya dawo yakan zo mana da zuma a gora da busasshen nama, ya ba mu labarin ɓauna da gwanki, da kurmin bakin rafi inda rana ba ta sauka ƙasa. A irin wannan kurmi tsando yake, ƙudan nan mai cizo kamar allura, kuma a can ya ɗauko ciwon barci. Sanda masu duba wuya suka zo gari suna shafa wuyan kowa don neman ƙullutu, shi yana can tsakiyar daji. Ko da aka dawo da shi a kan jaki, ƙullutun sun cika masa ƙeya. An kai shi an yi masa allurai, amma mai allurar ya ja Baba gefe ya ce ciwon ya riga ya hau kai.

Akwatin kuwa wani akawun ayarinsu ne ya bar masa da aka canja masa wurin aiki, saboda Yaya ya taɓa goya shi ya ƙetare da shi rafi ranar da ruwa ya kawo. Ba wani abin kirki ba ne, kwali ne mai tauri da aka lulluɓe da baƙin ƙyalle, irin wanda ake saya wa masu koyo. Ya haɗa masa da naɗin fim ɗaya mai cin hoto takwas, ya koya masa yadda ake yi. Yaya ya adana fim ɗin a gwangwanin taba har wata biyar, yana jiran lokacin da ya dace. Da lokacin ya zo, hannunsa ya fara rawa, idonsa kuma ba ya ganin ƙananan abubuwa. Matarsa Asabe tana da ƙaramin ciki. Bai taɓa faɗa mini dalilin da ya sa yake son hoton ba, ni ma ban tambaya ba, amma ko yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta san lissafin wata tara, ta kuma ga yadda wuyan rigar wanta ke ƙara yi masa faɗi.

Kwana bakwai ya yi yana koya mini da akwatin babu komai a ciki. In na dawo makaranta, na ɗebo ruwa, na taya Inna surfe, sai ya kira ni. Ba a kai akwatin ido, a ciki ake dafe shi daidai cibiya, a sunkuya a leƙa wani ɗan madubi da ke samansa. A cikin madubin nan na fara ganin gidanmu ya koma ƙanƙane: rumbu kamar ƙoƙo a kife, akuyarmu kamar ƙwaro. Ya ce in ba rana baya kullum, in ga inuwata ta miƙe gabana. In ƙirga taku biyar daga abin da zan ɗauka, in na matsa kusa komai zai dagule. Sannan in cika ƙirjina da iska in riƙe, in danna ɗan ƙarfen da ke gefe a hankali. "Kamar za ki taɓa idon jariri," in ji shi. Da an ji ƙas, sai a murɗa makullin gefe har sabuwar lamba ta fito a jar tagar, in ba haka ba hoto zai hau kan hoto. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada a buɗe bayan akwatin muddin fim yana ciki. "Haske ne abincinsa, haske ne ajalinsa." Na ɗauki turmi, na ɗauki kaji, na ɗauki igiyar shanya, sau ɗari ko fiye, duk a banza, shi kuwa yana zaune yana sauraron ƙarar. In ya ji na fizga sai ya girgiza kai. Wani lokaci ina cikin yi sai in juyo in tarar barci ya kwashe shi, bakinsa a buɗe, ƙuda yana yawo a leɓensa.

A kwana na takwas muka shiga ɗaki muka saki labule, ya sa fim ɗin da lalube, ni ina riƙe masa hannu don ya daina rawa. Na murɗa a hankali har lamba ɗaya ta tsaya a tsakiyar tagar. Na zaci nan take zai sa riga ya zauna. Sai ya shafa kumatunsa ya ce, "Bari in ɗan murmure tukuna. Kada yaro ya ga wannan fuskar ya tsorata. Ki fara da wasu, ki rage mini biyu na ƙarshe." Wannan ita ce magana ɗaya tak da ya taɓa yi a gabana game da cikin Asabe.

Haka na fara. Na farko Asabe ce, ta ci kwalliya da sabon zane, amma kunya ta sa ta rufe baki da hannu daidai lokacin da na danna. Baba ya ƙi. Shi mutum ne mai ƙarancin magana, manomin dawa da gyaɗa, bai ce haramun ba ne, bai ce halal ba ne, ya dai saɓa fartanyarsa ya fita. Inna kuwa ko kallon akwatin ba ta yi, kamar yadda ba ta kallon mai shi. A zamanin nan kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tunda aka yaye Yaya aka kai shi wurin kakarmu, Inna ba ta ƙara faɗin sunansa ba, ba ta ƙara ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane ba. "Yaron nan" take cewa. Da ya kwanta ciwo ita ke dama masa kunun tsamiya, ita ke tafasa masa saiwoyi, amma sai ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, "Kai wa yaron nan," tana kallon murhu.

Na biyu da na uku a gona suka tafi, ranar da aka tura ni korar birai daga masara. Gonarmu tana bakin daji, ana zama a kan dakali na itace ana buga tsohuwar garwa. Na ga wani ƙaton biri a kan bishiyar kirya, zuciyata ta ce ga abin da zai faranta wa Yaya rai, shi da yake kewar daji. Na danna, biri ya yi tsalle, na sake dannawa cikin ɗoki ban murɗa ba. Sai da na dawo hankalina na tuna, na murɗa a gigice har lamba uku ta wuce ban ɗauki komai a kanta ba, na zauna a kan dakalin na yi kuka ni kaɗai, birai suka ci masara son ransu. Na huɗu wani Bafulatani ne da ke kawo wa Inna nono, ya tsaya da sandarsa a kafaɗa kamar an dasa shi, bai tambayi ko mene ne ba sai da aka gama. Na biyar da na shida a makaranta na ɓata su, kuma su ne suka jawo mini abin da ya biyo baya.

Makarantarmu ɗaki biyu ce ta jinka, ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin maɗaci. Mata huɗu ne kawai a ajinmu. Da aka fita shan iska muna 'yar carafke a gindin bishiya, sai na fito da akwatin daga jakata don in yi burga. Yara suka yanyame ni, kowa yana son leƙa madubin. Na jera su na ɗauka sau biyu, malaminmu, Malam Garba, yana tsaye a gefe yana dariya. Bayan sati biyu wata yarinya a cikin waɗanda na ɗauka, Lantana, ta kwanta da zazzaɓi, kwana huɗu ta rasu. A damina yara suna mutuwa a garinmu ko da akwati ko babu, kowa ya san haka. Amma wannan karon an sami abin nunawa da yatsa. Magana ta tashi daga bakin rijiya ta zagaya unguwa, wai akwatin yana kama kurwar mutum ya kulle a ciki, wai shi ne ma ya tsotse mai shi. A aji aka bar mini benci ni kaɗai. In na je ɗiban ruwa sai mata su janye 'ya'yansu su goya. Da yamma in 'yan mata sun fita gaɗa, ina jin tafinsu daga tsakar gida ina tsinkar zogale. Ba wanda ya kira ni mayya a fuskata, amma wata rana na tarar an zuba toka a inda na saba zama.

Yaya bai san wannan ba, don a lokacin ya yi nisa. Murmurewar da yake jira ba ta zo ba. Yakan ɗauki loma barci ya ɗauke shi kafin ta kai baki. Jikinsa ya yi ta ƙaiƙayi har ya yi wa kansa raunuka, Asabe ta riƙa yanke masa farce. Wani lokaci ya yi faɗa babu dalili, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, wani lokaci ya kira ni da sunan wani abokin aikinsa ya ce in ja sarƙa. Akwatin yana rataye a ƙusa, lamba bakwai tana jira a jar tagar, ni kuma ina tsoron taɓa shi. A raina na fara yarda da maganar mutane. Na riƙa tunanin in na ɗauke shi, ni ce zan ƙarasa shi.

Wata Juma'a bayan an karya gero, ya farka da hankalinsa garau, irin farkawar da manya suka san ma'anarta. Ya ce wa Asabe ta ɗauko masa farar rigarsa da hula. Ya ce, "Kulu, yau ne." Maza sun tafi masallaci, gidan babu kowa sai mu mata. Ni da Asabe muka tallabo shi zuwa jikin rumbu inda rana ke bugawa, muka zaunar da shi a kujera 'yar tsugune, muka tokare bayansa da buhun gyaɗa. Rigar ta zame masa kamar ta aro. Inna tana bakin murhu ta ba mu baya, tana tuƙa abin da ya riga ya tuƙu. Na ba rana baya, na ƙirga taku biyar, na dafe akwatin a cibiya. Ko da na leƙa madubin, kansa ya riga ya langaɓe. Asabe ta girgiza shi ya buɗe ido, kafin ta janye daga gabansa ya sake rufewa. Sau huɗu ana haka. A na biyar na ƙwala masa kira da duk ƙarfina, "Yaya!" Ya ɗago kai ya dube ni tsaf, da idon nan nasa na da, har da ɗan murmushi. A daidai nan kukan da nake dannewa ya taso mini daga ciki, kafaɗuna suka girgiza, yatsana ya fizgi ƙarfen. Na ji ƙarar, na kuma san irin wadda yake girgiza wa kai ce.

Saura ɗaya. Na murɗa har takwas ta fito. Na san jikina ba zai tsaya ba, sai na mirgino turmin Inna na kife shi, na ɗora akwatin a kai, na durƙusa. Na share ido, na cika ƙirji da iska na riƙe. Na kira shi, Asabe ta kira shi, ta yayyafa masa ruwa a fuska. Bai farka ba. Inuwar zaure ta fara cin ƙafafunsa, kuma mun ji muryoyin maza sun taso daga masallaci. Na danna a hankali, yadda ya koya mini.

Kwana tara bayan nan ya rasu, da la'asar, yana barci. Da aka dawo daga maƙabarta, ƙanen Baba, Baffa Tanko, ya tsaya a zaure ya ce a fito da akwatin nan a ƙone, ya isa haka. Ina bayan danga na ji shi. Na ruga ɗakin Asabe, na saki labule, na murɗa makullin har na ji takardar naɗin fim ɗin ta kuɓuce a ciki. Na buɗe bayan, na zaro naɗin, na lashi 'yar takardar bakinsa na manne, na cusa shi a cikin tukunyar kalwar Inna. Sannan na fito da akwatin da hannuna na miƙa wa Baffa. A bayan gida aka cinna masa wuta, bai ɗauki lokaci ba, kwali ne. Baba yana tsaye yana kallo. Har yau ban sani ba ko ya yarda da maganar kurwa, ko kuwa ya ga in ba a ƙone akwatin ba 'yarsa ba za ta sake shan ruwa a rijiyar unguwa cikin salama ba. Bayan ƙonawar dai, a hankali aka dawo zama kusa da ni a benci.

A garinmu ba mai wanke hoto, sai Zariya ko Kaduna. Na ɓoye naɗin har lokacin hutu, na kai wa Malam Garba da zai tafi gida Zariya a motar gyaɗa. Ya juya shi a hannu, ya dube ni, ya sa a aljihu bai yi mini tambaya ba. Kafin ya dawo Asabe ta haihu, namiji. Aka mai da masa sunan ubansa, ana kiransa Audi, kamar yadda ake kiran wanda aka haifa bayan rasuwar uba.

Da aka koma makaranta Malam ya ba ni ambulan bayan an tashi. A gindin maɗacin na buɗe. Asabe da hannu a baki. Birai biyu a kan juna kamar hayaƙi. Na uku babu komai a kansa. Bafulatani ya fito ras, ya fi kowa kyau. 'Yan ajinmu sau biyu, da Lantana a gefe tana gwalo. Sai na bakwai: farar riga, da fuska da ta narke kamar an shafa ta da jiƙaƙƙen hannu, ba hanci ba baki, amma ana ganin ɗigo biyu baƙaƙe inda idanu suke, suna kallon mai kallo. Na takwas kuwa ba abin da bai fito ba. Ana iya ƙirga zaren aikin wuyan rigar, ana ganin tsagen jikin rumbu, da jijiyoyin hannunsa, da ramin kumatunsa. Kansa ya karkata, idanunsa a rufe.

Asabe ta duba sau ɗaya ta kifa su a kan gado ta fita. Na sa su a ƙarƙashin tabarmata. Bayan kwana biyu, da rana tsaka, kowa ya tafi sussukar dawa, na dawo ɗaukar faifai sai na tarar da Inna a ɗakina, zaune a bakin ƙofa inda haske ke shigowa, hoto na takwas a tafin hannunta. Matar da ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba ranar da aka fita da shi. Ba ta ɓoye ba da ta gan ni. Ta daɗe tana kallo, tana bin gefen fuskar da ɗan yatsa ba tare da ta taɓa takardar ba. Can ta ce, "Ashe goshin babana ya ɗauko." Ta mayar da shi inda ta same shi, ta gyara tabarmar, ta ce in yi sauri ana jiran faifai.

Audi yana da shekara biyar na nuna masa. Ya dubi na takwas ya ce, "Gwaggo, yaushe zai tashi?" Na nuna masa na bakwai na ce ga shi nan ya tashi. Ya ce wannan ai ba mutum ba ne. Da ya girma ya karɓe su duka biyun, ya sa a firam ɗaya gefe da gefe. Ya ce mini in ya daɗe yana kallonsu, wani lokaci sukan haɗu a ransa su zama mutum ɗaya, na ɗan lokaci kaɗan.

Yau ina zaune a Kaduna wurin 'ya'yana, shekaru sun ja, kuma hanyar gida ta zama abin da ake shiga da addu'a. Dajin da Yaya ya auna da sarƙa, yanzu ba tsando ake tsoro a cikinsa ba. Rabona da ziyarar kabarinsa na manta. Jikokina kowa da waya a hannu, kafin a sa lomar farko an ɗauki kwanon tuwo sau goma, ba mai ƙirga taku, ba mai riƙe numfashi. Ba na jin haushinsu, da a ce muna da irin wannan a waccan Juma'ar da na gode wa Allah. Amma duk sanda suka taru a kan waya suna zaɓe, na ji ɗaya ta ce, "Goge wannan, ya rufe ido," sai in kau da kaina. Mu a gidanmu, mai rufaffen idon shi ne wanda ya fito.